'Yar Tsana Mai Kisan Kai: Dodon Da Rashin Jari Ya Haifa A Silima

Duk wanda ya tashi a gidan da akwai 'yan mata ƙanana ya san 'yar tsana. Ko ta kara ce, ko ta tsumma, ko irin ta robar nan da ake sayowa a kanti, goya ta ake yi, a yi mata kitso, har a yi mata aure a kai ta ɗaki da 'yan tukwanen yumɓu. Babu abin da ya kai ta rashin cutarwa a cikin gida. To, amma a Amurka da Ingila akwai waɗansu masu sana'ar silima da suka ɗauki wannan baiwar Allah suka danƙa mata wuƙa, suka sa ta bin mutane cikin dare tana yankawa, suka kuwa ci abinci da wannan aiki shekara da shekaru. Yau finafinan nan suna cikin wayoyin hannu, yara na tura wa juna. Saboda haka ya kamata malaman makaranta, da duk mai 'ya'ya, su san inda abin ya samo asali da yadda ake yinsa. Akawuna kuwa za su riga kowa gane labarin, domin yawancinsa lissafin kuɗi ne.

Tun da daɗewa Turawa suna da wani wasa mai kama da na 'yan dabo. Mai wasan yakan ɗora mutum-mutumin katako a cinyarsa, ya riƙa magana ba tare da ya motsa leɓɓansa ba, sai a ga kamar katakon ne ke mayar masa da amsa. Masu silima suka tambayi kansu, to, in aka tashi daga wasa katakon ya ƙi yin shiru fa? Amsar da ta fi shahara tana cikin wani fim na Ingila mai suna Dead of Night, watau tsakar dare, wanda kamfanin Ealing ya fitar a 1945. Michael Redgrave ne mai wasan, mutum-mutumin kuwa sunansa Hugo, kuma mai kallo yakan tashi bai tabbatar ba ko katakon ne ke da rai ko ubangidansa ne ya taɓu.

A 1963 abin ya shiga akwatin talabijin a Amurka, cikin wani shiri na mako-mako da ake kira The Twilight Zone. Wata mata ta sayo wa 'yarta 'yar tsana mai magana. Mijin matar, wanda Telly Savalas ya fito a madadinsa, mutum ne mai zafin rai, ba ya ƙaunar agolarsa. 'Yar tsanar takan yi wa yarinya kalaman so, in ta keɓe da mijin uwa kuwa sai ta yi masa barazana. Ya jefa ta a garwar shara bai rabu da ita ba, ya sa mata zarto bai kama ta ba, daga ƙarshe ya yi tuntuɓe da ita a kan matakala cikin dare ya faɗo ya mutu. Matar da ta ara wa 'yar tsanar murya, June Foray, ita ce dai ta yi muryar Chatty Cathy, wata 'yar tsana ta gaske da kamfanin Mattel ke sayarwa a kantuna a lokacin. Watau muryar da ta yi kisa a talabijin tana nan kwance a ɗakin yara a gidaje da yawa.

Bayan shekara 12, a 1975, gidan talabijin na ABC ya nuna Trilogy of Terror, wanda Dan Curtis ya ba da umarni. Labarai uku ne a cikinsa, amma na ƙarshe aka fi tunawa. Wata mace, Karen Black, tana zaune ita kaɗai a gidanta na haya da wani ɗan gunkin katako mai mashi da haƙora kamar na zarto, tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. Sarƙar zinariya da aka ɗaure shi da ita ta faɗi, sai ya tashi. Ta kulle shi a akwati ya huda ya fito, ta nutsa shi a ruwa bai mutu ba. Ba kowa a wasan sai ita da shi, ba a kuwa leƙa waje ba ko sau ɗaya.

Lissafin marasa jari

Waɗannan duka masu hali ne suka yi su. Amma marasa jari suna gefe suna kallo, suna lissafi da yatsu. Mai son yin fim ɗin ban tsoro dole ya sami dodo. In ya ce ƙaton dodo zai yi, mai rushe benaye, sai ya gina gari ya rushe, ya tara ɗaruruwan mutane su yi ta gudu, kowa kuma a sallame shi. In shahararren ɗan wasa zai ɗauka ya zama makashin, albashinsa kaɗai ya isa ya cinye jarin, in kuma fim ya karɓu aka zo yin na biyu, sai ya ninka kuɗinsa. 'Yar tsana fa? Sau ɗaya za a biya masassaƙi da tela. Ba ta neman ƙarin albashi, ba ta zuwa aiki a makare, ba ta tsufa, ba ta cikin ƙungiyar ƙwadago. In an gama a sa ta a akwati, baɗi a fito da ita a kakkaɓe mata ƙura. Fuskarta ce a kan kwali, ita mutane ke nema, kuɗi kuwa suna shiga aljihun mai ita. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Sa'an nan da yake ƙarama ce, dajin farautarta ma ƙarami ne. Gida ɗaya mai matakala da gado, da 'yan wasa biyar ko shida waɗanda ba wanda ya san su, sun wadatar.

Abin da ya rage shi ne kasuwa, domin gidajen silima sun fi son hajar manyan kamfanoni. Sai ga kaset ɗin bidiyo. Kamfanin JVC na Japan ya fito da irin wanda ake kira VHS a 1976, kafin a yi shekara 10 kantunan hayar kaset sun cika garuruwan Amurka. Kowane mai kanti yana neman abin da zai cika kantarsa, mai haya kuwa ba ya ganin fim kafin ya biya, kwali kawai yake dubawa. Bari mu ƙaddara, don misali kaɗai, mutum ya kashe dala 500,000 ya yi fim, kantuna 20,000 kowanne ya ɗauki kaset ɗaya, rabonsa a kowane kaset dala 40. Ya tashi da dala 800,000 ke nan tun kafin a sami mutum ɗaya da ya kalla ya ce da kyau ko ba kyau. Masu karatu da suka ga yadda kaset ya raya sana'ar fim a Kano bayan Turmin Danya na 1990, da kuma a Kudu bayan Living in Bondage na 1992, ba za su yi mamaki ba.

Mutumin da ya fi kowa gane wannan lissafi shi ne Charles Band. An haife shi a Los Angeles a 1951, ubansa Albert Band ma mai shirya fim ne, ya kuwa yi yarintarsa a Italiya inda uban ke aiki. A 1983 ya kafa kamfaninsa mai suna Empire Pictures. Al'adarsa ita ce ya fara da suna da hoton talla, in ya ga masu saye sun yi sha'awa sa'an nan a nemi wanda zai rubuta labari. Har akwai fim ɗinsa na 1985, Ghoulies, da aka yi wa hoton wani ɗan dodo yana leƙowa daga cikin masai irin na Turawa, alhali kuwa babu wannan a fim ɗin, sai da aka koma aka ɗauka aka liƙa don kada masu kallo su ce an cuce su.

Da kuɗi suka shigo, Band ya sayi tsohon gidan ɗaukar fim na Dino De Laurentiis a bayan birnin Rum, har da wata tsohuwar fada ta dutse a garin Giove. A can Italiya aka ɗauki Dolls, watau 'yan tsana, wanda Stuart Gordon ya ba da umarni, ya fito a 1987. A ganina babu wanda ya fi shi kyau cikin irinsa. Hadari ne ya tare waɗansu matafiya a karkarar Ingila, mota ta maƙale a taɓo, suka nemi mafaka a gidan wani tsoho da matarsa masu ƙera 'yan tsana. Cikin baƙin akwai wata yarinya, Judy, da ubanta wanda ya ɗauke ta nauyi a ka, da matar uban mai baƙar zuciya, da 'yan mata biyu da suka ƙulla niyyar sace kayan tsofaffin, da wani bawan Allah mai suna Ralph, babba ne amma bai yar da zuciyar yarinta ba. Kafin gari ya waye 'yan tsana sun yi wa kowa hisabi. Ɓarayin da azzaluman iyayen duk an mai da su 'yan tsana an jera a kan kanta, yarinya da Ralph suka fita lafiya, can kuma sai ga wata motar ta maƙale a taɓon nan da waɗansu iyaye masu tsawa. Wanda ya sha tatsuniyar marainiya da kishiyar uwa a gindin kakarsa zai gane ta nan take. An dai ƙara mata jini, don haka ba ta yara ba ce.

Faɗaɗa harka ya fi ƙarfin aljihun Band. A 1988 bashin bankin Crédit Lyonnais na Faransa ya ci kamfanin Empire. A wannan shekara ce kuma babban kamfanin United Artists ya fitar da Child's Play, labarin wani mai kisan kai da ya tura ransa cikin ɗan tsana mai jan gashi, Chucky, wanda har yaranmu sun san sunansa. An kashe masa dala miliyan 9, ya jawo wajen miliyan 44. Band ba shi da miliyan 9, amma ya ga ƙofa a buɗe. Ya kafa sabon kamfani, Full Moon, ya yi yarjejeniya da Paramount su riƙa rarraba masa kaset, a watan Oktoba na 1989 kuwa ya fitar da Puppet Master, watau ubangidan 'yan tsana, wanda David Schmoeller ya ba da umarni. Bai bi da shi ta gidajen silima ba, kai tsaye ya aika da shi kantunan haya.

Labarin ya fara a 1939, a wani masauki a bakin teku a California, inda wani tsoho mai suna Andre Toulon, wanda ya mallaki asirin Masarawan dā na hura wa katako rai, ya ɓoye 'yan tsanarsa a cikin bango ya harbe kansa kafin 'yan leƙen asirin Hitila su iso gare shi. Bayan shekara 50 waɗansu masu duba suka taru a masaukin, aka fara ɗauke su ɗai ɗai. Dabarar Band a nan ita ce bai tsaya kan ɗan tsana ɗaya ba, ya yi ƙungiya, kowa da sana'arsa. Akwai Blade, mai farar fuska da baƙar riga, hannu ɗaya wuƙa ɗaya ƙugiya. Akwai Pinhead, mai ɗan mitsitsin kai da hannuwan ƙato. Tunneler yana da abin huji mai juyawa a tsakar kansa, Leech Woman kuwa matsattsaku take amayarwa a jikin mutane. Na biyar, Jester, fuskarsa kashi uku ce, tana juyawa ta koma dariya ko baƙin ciki. Kiɗan fim ɗin ƙanensa Richard Band ya yi shi, kuɗi ba su fita gida ba.

Abin da ya biyo baya ko Band bai zata ba. Masu kallo suka ƙaunaci makasan fiye da waɗanda ake kashewa. Da ya ga haka sai ya juya akalar labari. A fim na uku, na 1991, an koma Berlin ta 1941, Toulon yana wasan 'yan tsana yana yi wa Hitila ba'a, 'yan Nazi suka kashe masa mata, 'yan tsana suka zama masu ɗaukar fansa, mai kallo yana tafa musu. Akawu mai lura zai ce, yaya mutumin da ya harbe kansa a 1939 yake wasa a 1941? Tambaya ce mai kyau, amma kaset ya sayu. Na huɗu da na biyar a tare aka ɗauke su don rage kashe kuɗi. Bayan faɗuwar mulkin gurguzu a Romaniya a 1989, Band ya kai yawancin aikinsa can, inda ladan ma'aikata ke da araha. Da Paramount suka raba gari da shi a tsakiyar shekarun 1990, jari ya ƙara tsukewa, har ta kai fim ɗin 2003, Puppet Master: The Legacy, yawancinsa guntattakin tsofaffin finafinan ne aka harhaɗa aka yi wa sabon kwali. Wannan kam cin amanar mai haya ne. Duk da haka daga 1989 zuwa 2022 an yi fim 15 a kan waɗannan 'yan tsana, kamfanin kuma ya riƙa ƙera kwafinsu yana sayar wa masu sha'awa su ajiye a ɗaki.

Ba su kaɗai Band ya yi ba. A 1992 ya fitar da Demonic Toys, wanda wani saurayi, David S. Goyer, ya rubuta, shi ne kuwa daga baya ya sa hannu a rubuta babban fim ɗin Batman na 2005. A 2005 ɗin nan Band ya kai ga yin fim a kan wani ɗan biskit mai siffar mutum yana kisa. In rijiya ta ba da ruwa, mai guga ba ya tambayar ɗanɗano.

Yadda ake sa katako tafiya

Hanyar da ta fi kyau ita ce ta fi tsada. Fim yana gudu da hoto 24 a kowace daƙiƙa. Sai a tsai da ɗan tsana mai ƙashin ƙarfe a gaban kyamara, a ɗauki hoto ɗaya, a motsa ƙafarsa kamar faɗin ƙwayar gero, a ɗauki wani, haka haka. Minti ɗaya hoto 1,440 ke nan. Gwanin wannan aiki a wurin Band shi ne David Allen, wanda ya rasu a 1999, kuma saboda tsadar aikinsa 'yan daƙiƙoƙi kaɗan ake sawa nan da can, kamar gishiri a miya. Masu kuɗi suna da wata hanya. Chucky na 1988 injuna ne a cikin fuskarsa, har mutum tara sukan taru a kansa, wani na kula da ido, wani da baki, wani da hannu. In ana son a gan shi yana gudu kuwa sai a sa wa wani wada mai suna Ed Gale kayan, a gina masa ɗaki mai manyan kujeru don ya ƙara ƙanƙancewa.

Marasa jari ba su da mutum tara. Abin da suke da shi wayo ne. A sa kyamara a ƙasa daidai idon sawu, a ruga da ita cikin gida, a haɗa da ƙarar 'yan ƙananan takalma da haki, mai kallo da kansa zai ce ɗan tsana ne ke gudu, alhali ba a nuna shi ba. A nuna 'yar tsana a kan kujera tana duban taga, a nuna matar gida tana wanke-wanke, a dawo, ga kanta ya juyo tana duban ƙofa. Wani yaron aiki ne ya juya shi da hannu tsakanin ɗauka biyu, ko kwabo ba a kashe ba. In an zo wurin kokawa kuwa, ɗan wasan ne ke riƙe da ita a wuyansa da hannu biyu yana birgima yana ihu, kamar yana ƙoƙarin ɓamɓare ta. Wanda ya gane wannan sau ɗaya ba zai sake kallon wurin ba tare da dariya ba.

Ga abin mamaki. Sau da yawa talaucin nan shi ke gyara fim. 'Yar tsana tana zaune shiru, ido a buɗe ba ƙiftawa, ta fi ban tsoro nesa ba kusa ba a kan wadda ake gani ƙiri-ƙiri tana tsalle. Da zarar ta tashi ta yi tafiya cikin haske, sai hankali ya dawo, mutum ya tuna abin nan ko gwiwarsa bai kai ba, shuri ɗaya ya ishe shi. Mai jari yakan nuna da yawa don yana da halin nunawa. Marar jari dole ta sa ya ɓoye, mai kallo ya cike sauran da zuciyarsa.

Masana sun daɗe da lura da tushen wannan tsoro. Wani likitan ƙwaƙwalwa Bajamushe, Ernst Jentsch, ya rubuta a 1906 cewa hankalin ɗan Adam yakan tashi in ya rasa tabbacin ko abin da ke gabansa mai rai ne ko marar rai. A 1970 wani injiniya ɗan Japan, Masahiro Mori, ya ƙara da cewa mutane suna son abin da ya ɗan yi kama da mutum, amma in kamar ta yi kusa ƙwarai ba ta cika ba, sai so ya koma ƙyama. Duk wanda ya taɓa cin karo da mutum-mutumi a gona bayan magariba ya san wannan ba sai an karanta masa ba. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Waɗannan finafinai sun ɗauko tsoron daga daji sun kwantar da shi a gadon yaro, cikin abin da uwa ta saya da kuɗinta.

Can ƙasan tsani

In Band talaka ne a gaban manyan kamfanoni, to, akwai waɗanda shi sarki ne a gabansu. Chester Novell Turner baƙar fata ne mutumin Chicago, sana'arsa gyaran gidaje. Ya koyi yin fim ta karatun gidan waya, irin wanda akawunan dā suka yi suka ci jarrabawar Ingila, ya sami kyamarar bidiyo ta gida, ya kashe kimanin dala 10,000, a 1984 ya fito da Black Devil Doll from Hell. Labarin wata mace ce mai yawan zuwa coci da ta sayi mutum-mutumi mai kitso a wani kanti. Kiɗan da ɗan ƙaramin molon lantarki na Casio aka yi shi, wani lokaci har yakan danne maganar 'yan wasa. Fim ne mai cike da batsa, ban kuwa ba kowa shawarar ya neme shi ba. Abin da ya sa na kawo shi, mutumin ya yi fim shi kaɗai ba da izinin kowa ba, shekara 6 kafin Turmin Danya. Ya ƙara ɗaya a 1987, sa'an nan ya ɓace, har aka yi ta raɗe-raɗin ya mutu a haɗarin mota. A 2013 wani ƙaramin kamfani mai suna Massacre Video ya gano shi da ransa, aka sake buga finafinan biyu a faifai, ashe tsofaffin kaset ɗinsa sun zama abin nema wurin masu tara irin wannan kaya.

Akwai wani abu guda da ya kamata mu baƙar fata mu lura da shi. Duk mai rubuta irin wannan labari dole ya faɗi abin da ya ba katako rai, mafi arahar amsa kuwa ita ce tsafin waɗansu mutane na nesa. A wani fim na ƙasar Meziko na 1961, Muñecos infernales, waɗansu ne suka sato gunki daga ɗakin tsafi a Haiti, boka ya aiko musu da 'yan tsana masu allura. Gunkin da ya bi Karen Black an ce na ƙabilar Zuni ne, alhali Zuni manoman masara ne 'yan asalin Amurka a jihar New Mexico, siffar da aka sassaƙa masa kuwa ita ce wadda Turawa suka saba zana wa mutanen Afirka a littattafan dā. Shi kansa Chucky da sunan Dambala ya yi surkullensa, wani abin bauta mai siffar maciji wanda bayi suka tafi da shi Haiti daga ƙasar Dahomey, wadamu ta Jamhuriyar Benin ta yanzu, malamin da ya koya masa kuma baƙar fata ne. To, masana tarihi sun nuna soka allura a jikin ɗan mutum-mutumi don a cuci wani tsohuwar al'adar matsafan Turai ce, tun zamanin Girkawa da Rumawa. Kayansu ne suka ɗora wa wani.

Indiyawa ma ba a bar su a baya ba. A 1993 Mahesh Kothare ya yi Zapatlela da harshen Marathi, inda wani ɗan fashi mai suna Tatya Vinchu ya shige cikin mutum-mutumi, wanda gwanin wasan jefa murya Ramdas Padhye ya sarrafa. Sun cakuɗa tsoron da barkwanci da waƙa, yadda suka saba. A 1996 aka yi Papi Gudia da harshen Hindi, da Karisma Kapoor a ciki, wanda ya bi sawun Chucky taki bayan taki.

Shin suna ɓata yara?

Wannan tambaya an yi ta da zafi a Ingila. A watan Fabrairu na 1993, a kusa da Liverpool, yara biyu 'yan shekara 10 suka sace wani yaro ɗan shekara 2 suka kashe shi. Da aka gama shari'a a watan Nuwamba, alƙali ya ce yana zaton kallon finafinan tashin hankali na iya zama cikin dalilai. Jaridu suka gano uban ɗaya daga cikin yaran ya taɓa hayar Child's Play na uku, nan da nan suka ɗora wa Chucky laifi, jaridar The Sun har ta yi kira a ƙone kaset ɗin. 'Yan sandan da suka yi binciken kuwa suka ce ba su sami shaidar yaran sun kalle shi ba. Duk da haka a 1994 majalisa ta ƙara tsaurara dokar tace finafinan bidiyo. Nawa ra'ayin, neman ɗan tsana a ɗora masa laifi ya fi sauƙi a kan duba gidajen da yaran suka fito. Amma wannan bai sa fim ɗin ya zama na yara ba, hukumar tacewa ta Ingila 'yan shekara 18 ta yarje wa kallonsa. Malamin da ɗalibinsa ya kwana bai yi barci ba saboda Chucky, ya gwada ba shi labarin mutum taran nan da suke tsugune a ƙarƙashin daɓe suna jan waya.

Kaset ya mutu, babban kamfanin haya na Blockbuster ya karye a 2010, amma lissafin bai canza ba. Manyan kamfanoni ma sun koyi karatun. Annabelle na 2014 an kashe masa dala miliyan 6.5, ya jawo wajen miliyan 257, 'yar tsanar kuwa kusan duk fim ɗin a zaune take. M3GAN, wanda ya shiga gidajen silima a farkon 2023, ya ci miliyan 12 ya jawo kimanin 180. A cikinsa an ajiye bokaye, na'ura mai ƙwaƙwalwa ce a cikin 'yar tsanar, wadda aka damƙa wa rainon marainiya don mai riƙonta ba ta da lokaci. Wata yarinya mai rawa 'yar ƙasar New Zealand, Amie Donald, ita ce a cikin kayan, dabarar Ed Gale ke nan ba a sake ba.

Ƙananan kuma suna bin bayan manya suna kalar abin da ya zuba. Shekara ɗaya bayan Annabelle, wani mutumin Swansea a yankin Wales, Andrew Jones, ya fitar da Robert da ɗan jarinsa, faifan ya sayu a manyan kantuna, kafin ƙarshen 2019 ya yi guda biyar, har ya kai labarin Jamus ta zamanin Hitila kamar yadda Band ya yi. Ya rasu a 2023 yana da shekara 39.

Shi Robert ɗin akwai shi. Ɗan tsana ne da kamfanin Steiff na Jamus ya yi, aka ba wani yaro mai suna Robert Eugene Otto a garin Key West na jihar Florida wajen 1904. Yaron ya girma ya zama mai zane, ya riƙe shi har mutuwarsa a 1974, mutanen gari kuwa suka yi ta ba da labarin wai yana sauya wuri da kansa. Tun 1994 yana zaune cikin akwatin gilashi a gidan tarihi na Fort East Martello, sanye da kayan matuƙan jirgin ruwa. Ana gaya wa baƙi kada su ɗauki hotonsa sai sun nemi izininsa. Waɗanda suka yi gardama suka ɗauka, in suka koma gida mota ta lalace ko aiki ya kuɓuce, sukan rubuto masa takardar neman gafara ta gidan waya, ma'aikatan gidan tarihin kuma su karɓa su adana, waɗansu su manna a bango kusa da shi.